Furen rana a cikin bokitin fenti

Wannan lacca ce da wani tsohon malamin gona ya yi wa matan aure da ɗaliban Islamiyya a wani ƙauye kusa da Ringim, Jihar Jigawa. An naɗa a waya, sannan aka rubuta.

Assalamu alaikum. Iyayena mata, ƙannena, 'ya'yana, sannunku da fitowa. Tun da na shigo na ga idonku na kan bokitin nan da na ɗora a benci, to bari mu fara da shi. Bokitin fenti ne, irin wanda ake yarwa in an gama shafe ɗaki. Abin da ke ciki furen rana ne, wanda masu sayar da iri ke kira sanfulawa. Yau kwanansa 58 da shukawa. Ku duba, bai kai ƙuguna ba, amma kan furen ya kusa murfin kwanon sha.

Baƙo ne a wajenmu. Asalinsa Arewacin Amurka, mutanen can na asali sun yi dubban shekaru suna nomansa kafin Sifaniyawa su kai shi Turai a ƙarni na 16. Rashawa ne suka mai da shi amfanin gona na tatsar mai, har yau kuma Rasha da Yukiren ne kan gaba a mansa. Nan gida Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da nata irin mai suna SAMSUN. Wannan na gona ne, na mai. Namu na yau wadan iri ne, gajere, wanda aka samar don tukunya da ƙaramin fili. A jikin takardar irin za ku ga sunaye irin su Sunspot, Teddy Bear, Big Smile. Ku sa yaro mai boko ya duba muku kalmar dwarf, ma'anarta wada. In babu ita, kada ku saya.

Ni na ɗanɗana, shi ya sa nake ja muku kunne. Shekarun baya na sayi iri a wani shago a Kano, ƙulli ne a leda, ba takarda. Mai shagon har da rantsuwa gajere ne. Na shuka a bokiti. Abu ya yi ta miƙewa har ya leƙa gidan maƙwabta, ranar da aka yi iska da la'asar ya kifa da bokitin gaba ɗaya. Uwargida ta ce, "Malam, ashe wadan naka samudawa ne."

To, ita kanta takardar sai kun yi hattara da ita, don ba mu aka rubuta wa ba. Za ta ce a jira sanyin ƙanƙara ya wuce kafin a shuka. Wace ƙanƙara a Ringim? Su sanyi suke tsoro, mu zafi ne abokin gabarmu. A watan Afrilu zafi na kaiwa digiri 40, baƙar roba ta sha rana, saiwar da ke ciki sai ta dahu kamar an ɗora a murhu. Da tsakiyar damina kuma ruwa kan kwanta a bokiti, saiwa ta ruɓe. Lokacin da ni na fi jin daɗinsa shi ne daga kaka, wajen Oktoba, zuwa Janairu. Da hunturu yini gajere ne, saboda haka wani irin yakan yi saurin fure, ya ƙara gajarta. Ba ciwo ba ne, kada hankalinku ya tashi.

Mazubi. Tushe ɗaya yana son abin da zai ci lita 10. In babban bokiti ne mai lita 20, ana iya barin biyu, ko uku in ƙananan iri ne. Dole a huda gindin. A sa ƙusa a wuta, a yi huda biyar ko shida. Na ga Hajiya ta ɓata rai, na san ba za ki huda bokitinki mai kyau ba, ni ma ban ce ki huda ba. Ina randar da ta tsage da ke jingine a bayan ɗaki? Ita ta fi. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka take sanyaya ƙasa. Tsohon tulu, jarka da aka yanke, buhun siminti da aka naɗe bakinsa, duk suna yi.

Ƙasa kuwa, nan ne aikin yake, don shukar da ke gona tana miƙa saiwa ta nemi abinci inda ta ga dama, ta bokiti kuwa abin da kika zuba mata shi ke nan. Ƙasarmu ta jigawa rairayi ce, ruwa ke wucewa kamar a rariya. Ta fadama laka ce, in ta bushe a bokiti sai ta koma tubali. Ni abin da nake yi, kwano biyu na ƙasar gona, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki. In ƙasar mai danƙo ce, in ƙara kwano ɗaya na yashi. Takin turke wanda damina ta daka, ya yi baƙi, ba ya wari, shi ake nema. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake. Ki jiƙa haɗin, ki dunƙula a hannu. In ya dunƙulu, kika taɓa da yatsa ya wargaje, ya yi daidai.

Sai shuka. Zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ƙwaya uku a tsakiya, a rufe, a ba da ruwa. Cikin kwana 7 zuwa 10 za su fito, in dare na sanyi sosai su ɗan ƙara kwana. Idan sun yi ganye huɗu, a bar wanda ya fi ƙarfi, sauran a datse su da farce. Na san da ciwo, kowa zai ce bari in dasa su a wani wuri. Kun saba da tumatir da tattasai da albasa, a yi reno a cire a dasa. Wannan ba ya son dashe. Uwar saiwa gare shi guda ɗaya da ke nutsawa ƙasa kai tsaye, in ta karye sai ya tsumbure, ya yi miki fure kamar kwabo. Inda zai zauna, nan ake shuka shi.

Ban ruwa ba shi da wuya. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji bushewa ki zuba har ya ɗigo ta hudar ƙasa. Da safe ko da yamma, a gindi, ba a kan ganye ba. Ruwan alwala ya isa, ki tara a roba. Ruwan wanki mai sabulu ne ban yarda da shi ba. In ya yi sati uku, sai a ɗebi cikin murfin kwalbar lemo na takin zamani NPK 15-15-15, a binne a gefen bokiti nesa da kara. Kada a ɗebo yuriyar maigida a antaya, ganye zai yi ta yi, fure ya yi jinkiri.

Yanzu inda za a ajiye shi. Yana son rana ta awa shida ko fiye, ƙarƙashin darbejiya ba wurinsa ba ne. Yara, ga aikinku. Kafin ya yi fure, ku dube shi da hantsi, ku sake dubawa da la'asar. Da safe kansa na gabas, da yamma ya koma yamma, cikin dare ya juyo gabas yana jiran fitowar rana. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nuna yadda abin yake: da rana gefen kara na gabas ne ya fi girma, sai ya tura kan yamma, da dare kuma gefen yamma ya rama. Da zarar furen ya buɗe, yawon ya ƙare, sai ya tsaya yana kallon gabas. Sun ga kuma wanda ke kallon gabas ya fi saurin ɗumi da safe, ƙudan zuma sun fi zuwa masa. Amfanin sanin wannan a gare ku, in kuka shuka shi a ƙasa jikin katangar gabas, ƙeya zai juya muku, maƙwabta su sha kallo. Ku shuka a jikin katangar yamma, ya fuskanci tsakar gida. Na bokiti da sauƙi, juyawa kawai za a yi.

Akuya, ba sai na faɗa ba. Kaji da ɓera su kuma ƙwayar suke tonewa tun ba ta tsiro ba. A kifa tsohon kwando har ya yi ƙwari, ko a yafa yagaggen gidan sauro. In darɓa ta kama bayan ganye, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma bayan zuma ta tafi.

Baba tana tambaya daga baya can, wai ana ci? Ana ci, Baba, amma ba wanda ke cikin takarda ba. In kun ga ƙwayar da launin ja ko kore, magani aka shafa mata, guba ce, a ɓoye wa yara da kaji. Wanda kika noma da hannunki shi ake ci. Sunspot yana ba da 'ya'ya masu kyau, Teddy Bear ado ya fi yawa. Wanda aka rubuta wa F1 a takarda, wato haɗin iri biyu, in kika ajiye irinsa ba lalle ya fito kamar uwarsa ba.

Idan furen ya zube, ƙeyar kan ta yi rawaya ta fara komawa ruwan ƙasa, a ɗaure shi da tsohon mayafi mai shara-shara, in ba haka ba gwara ta riga ki. Ya bushe, a yanke, a murje da hannu, a sheƙe a faifai, a soya da ɗan gishiri kamar gyaɗa. Mai dai kada wadda ta sa rai, bokiti ɗaya ko cokali ba zai cika ba.

Ga irin nan na zo da shi, ba mai magani ba ne, daga nawa na ɓare. Ƙwaya shida-shida. Iyaye su fara karɓa, yara ku yi layi ta nan, kada a ture min bokiti.