A ƙofar Jami'ar Drexel, inda Chimamanda ta fara sauka

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyin Filadelfiya yau ba ya wasa. Ginin da kuke gani a bayana na Jami'ar Drexel ne. Nan marubuciyar Najeriya Chimamanda Ngozi Adichie ta fara karatu da ta zo Amurka tana 'yar shekara 19, bayan ta ajiye karatun likitanci a Nsukka. Ku duba fa, ubanta farfesan ƙididdiga ne, uwarta ita ce mace ta farko da ta riƙe rajistara a jami'ar Nsukka, amma yarinya ta ce rubutu za ta yi. Daga nan ta koma Connecticut ta gama digiri a 2001. Bayan shekara biyu littafinta Purple Hibiscus ya fito.

Amma wanda ya hana ni barci shi ne Half of a Yellow Sun na 2006, labarin yaƙin Biyafara. Wallahi da na iso inda take ba da labarin kisan 'yan ƙabilar Ibo a Kano a 1966, sai da na rufe littafin na yi shiru. Mu 'yan Arewa kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa aka fi ba mu labari, abin da ya biyo baya kuwa sai a wuce shi da sauri. Ita kuma kakanninta maza biyu duk a sansanin gudun hijira suka rasu lokacin yaƙin. Ban ce ta faɗi komai ba, ɓangaren gidansu ta kawo. Sai dai ta yi adalci wuri guda: wanda ya fitar da jarumar littafin daga Kano da ranta Bahaushe ne, Mohammed.

Kai, bari in matsa, motar bas ta tare ni.

Ra'ayinta kan 'yancin mata, wani na yarda, wani muna jayayya. Bayan littafinta Americanah a 2013 kuwa, sai da ta yi shekara 12 ba sabon dogon ƙagaggen labari. A tsakani mahaifinta ya rasu a 2020, mahaifiyarta ta bi shi a 2021, ta rubuta ɗan littafi kan baƙin cikin rashin uba. Dream Count sai 2025. Ga shi nan a jakata, ban buɗe ba tukuna. Yatsuna sun ƙage, bari in nemi wuri mai ɗumi in fara.