Gasar farkon shekara: yaro ya yi ɗokinsa, koci ya riƙe agogo

An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa malaman wasanni na makarantun sakandare a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Malamai masu horarwa, da ku 'ya'yana 'yan tsere da kuka rakuɓe can baya, barkanku da zuwa.

Kowa a nan ya san safiyar gasar farko, ko a filin Haliru Abdu, ko a filin makaranta a Argungu ko Yauri. Hazon hunturu bai gama ɗagawa ba, yaro ya ɗaure igiyar takalmi ya kwance har sau uku, leɓe ya bushe, ido na kan farar ƙasar da aka zuba layi da ita. Wata uku yana horo, yau zai san matsayinsa. Ina son wannan ɗokin, don Allah kada ku kashe masa shi. Amma kai koci, ranar awo ce a wurinka. Lambar da ka rubuta yau a kanta za ka ɗora horon watannin gaba, in ta zo da ƙarya kuwa, ginin duka ya karkace.

Mu fara da fili. Kewaye ɗaya mita 400 ne, faɗin kowane layi mita 1.22. A tseren mita 400, in babu dakali a gefen ciki, layi kawai aka zuba, kowane ɗan tsere zai tsaya gaban na cikinsa da mita 7.67. In akwai dakali, tazarar layi na biyu kaɗai ke komawa 7.04. A daina awo da taki. A nemi tef mai mita 50, mutum biyu su ja, na uku ya rubuta.

Sai agogo, inda aka fi yaudarar kai. Mai agogo ya danna da ganin hayaƙin bindiga, kada ya jira ƙara, domin kafin ƙara ta ci mita 100 ta iso kunnensa an yi kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa. In usur kuke amfani da shi, mai busawa ya sauke tuta a lokaci guda. A sa agogo uku a kan na ɗaya, in duk sun saɓa a ɗauki na tsakiya. Kuma lokacin hannu kullum ya fi na na'ura daɗi: a mita 100 da 200 ana ƙara 0.24. Yaron da kuka ba 10.8, a na'ura wajen 11.04 yake. Ku faɗa masa tun a gida, kafin ya je gasar ƙasa ya ɗauka an cuce shi.

Iska ma tana da hukunci. In ta tura ɗan tsere daga baya fiye da mita 2.0 a daƙiƙa, ba a karɓar lokacin a matsayin tarihi. Ku tuna Tobi Amusan, 'yar Najeriya mai tseren tsallake shinge na mita 100, a Amurka a 2022: ta yi daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da ƙarshe, ya zama tarihin duniya, a na ƙarshe ta yi 12.06 aka ƙi ƙirga shi saboda iska ta kai 2.5. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, to ko ba ku da na'ura ku rubuta a gefen lamba: iska a baya, ko iska a gaba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne raunin tsokar bayan cinya. Safiya da sanyi, jiki bai saba da cikakken gudu ba, ga ihun 'yan kallo, sai a mita sittin ka ga yaro ya dafe cinya yana ɗingishi. Makonni sun tafi ke nan. A yi sassarfa ta minti goma, a motsa gaɓoɓi ana tafiya, a yi gudun mita 60 sau uku ko huɗu ana ƙara sauri, sannan ya mayar da rigar sanyi har a kira shi. Kuma Malam, kada neman maki ya sa ka jefa yaro ɗaya a 100, da 200, da dogon tsalle, da miƙa sanda a yini guda. Biyu sun isa. Sabon takalmi mai ƙusa a fara gwada shi a horo. Da Maris ya shigo zafi na haura digiri 40, dogon gudu sai da sassafe ko bayan la'asar, ruwa kuma a ajiye shi bakin fili.

Tun 2010, wanda ya riga bindiga tashi sau ɗaya an fitar da shi. Ku koya musu haƙurin nan a horo.

A miƙa sanda na mita 100 sau huɗu, wurin miƙawa mita 30 ne tun 2018, kuma inda sandar take alƙali ke dubawa, ba inda ƙafar yaro take ba. Na farko ya riƙe da dama, na biyu ya karɓa da hagu, na uku dama, na huɗu hagu. Mai karɓa ya sa alama a ƙasa, da ɗan'uwansa ya taka ta ya tashi da ƙarfi, ba waige.

Waɗanda suka zo da tef su biyo ni fili, mu auna kwanar farko kafin a kira azahar.