Jawabin maraba ga babban baƙonmu, Farfesa masanin ƙwayar atam

Assalamu alaikum. Mai girma Farfesa, sannu da zuwa, sannu da hanya, mu da muka san tsawon titin Yamai zuwa Maraɗi, ta Dosso ta Dogon Dutsi ta Ƙwanni, mun san gajiyar da ka kwaso don ka zo ka zauna da ɗalibanmu. Malamai da ɗaliban sashen kimiyya na jami'ar tamu suna yi maka barka da sauka.

Jama'a, aikin baƙon namu shi ne awon lokaci, amma wane irin lokaci? In aka bugi ƙwayar da ke tsakiyar atam takan ɗauki ƙarfi fiye da nata, ta ɗan jima a haka, sannan ta saki wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda ake kira gama, ta koma daidai, to wanga ɗan jimawa shi suke aunawa, kuma sau da yawa bai wuce pikosakan ba, wato sakan guda a raba shi gida miliyan sau miliyan. Haske da kanshi milimita 0.3 kaɗai yake ci a cikinshi.

Ni abin da ya fi burge ni wallahi dabarar da suke kira filanja ce. Fallen ƙarfe biyu ne sirara ƙwarai ake jerawa fuska da fuska, a harbi na farko, ƙwayar ta fito a guje, na biyu ya tare ta. In ta saki haskenta tana cikin gudu ƙarfinshi yakan ɗan sauya, kamar yadda hon ɗin mota yake sauya murya in ta wuce ka bakin titi, in kuwa sai da ta tsaya ta saki to ba sauyi, sai a yi ta matsa tazarar fallayen da 'yan mikromita, wato milimita guda a raba shi gida dubu, ana ƙirga nawa suka saki a guje nawa a tsaye, daga nan lissafi ya fito da tsawon rayuwar. Yanzu kuma ga na'urar awon hasken gama ta Turai, AGATA, mai lu'ulu'un jamaniyom da ake sanyaya su da ruwan naitirojin, tana bin sawun hasken a cikin lu'ulu'un, ta yi aiki a cibiyar bincike ta Legnaro a Italiya, ta je cibiyar GSI a Jamus, ta je cibiyar GANIL a Faransa, a 2022 ta ci gaba da aiki a Legnaro. Amurka ma ta gina tata, GRETINA.

Kada wani ya ce wanga ba ruwanmu. Teknesiyom-99m da likitoci ke ɗaukar hoton cikin jiki da shi irin ƙwayar nan ce mai ɗauke da ƙarin ƙarfi, sai dai ita rabinta na ƙarewa ne cikin awa 6. Kuma tun 1971 ake fitar da uraniyom a Arlit, ƙasar da ke da wanga arziki ta cancanci 'ya'yanta su san shi ciki da bai.

Shi ya sa Farfesa muke da roƙo, yaran nan suna da kai, lissafi ba ya ba su tsoro, amma a takarda suke ganin na'urorin ga. Ka buɗe muna ƙofa ko mutum biyu su je su taɓa da hannunsu, ko Turai ko cibiyar bincike ta iThemba LABS a Afirka ta Kudu, ka kuma taimaka muna da shawara kan ƙaramar na'urar awon gama da za mu fara da ita nan gida.

Allah ya saka da alheri, ya maida kai gida lafiya. Bismillah Farfesa, muna saurare.