Wasiƙun da Hajiya ta ɓoye a ƙarƙashin katifa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yau sanyin arewacin Ingila ba ya wasa. Wannan dogon benen da ke bayana gidan kansul ne, wato na ƙaramar hukuma. A hawa na huɗu maƙwabciyata take, 'yar Kumasi, mu dai ce mata Hajiya.

Ran Talata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce, "Ɗana, zo ka duba mini wata takarda." Ina shiga ta ɗaga katifa. Wallahi wasiƙu ne jere, ko ɗaya ba ta farke ba. Da muka buɗe su, ta ƙarshen ita ce ta firgita ta: sanarwar cewa za a nemi kotu ta karɓe gidan. Bashin haya ya haura fam 900.

Hajiya fa ba macuciya ba ce. A gida mun saba mai gida ya karɓi kuɗin shekara gaba ɗaya, ka huta. Nan kuwa hayar kansul mako-mako ake lissafa ta, kana barci tana taruwa. An rage mata awoyi a wurin aikin kula da tsofaffi, ta nemi Universal Credit, tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda sai ka jira kusan mako 5 kafin kuɗin farko su shigo. Kuma kuɗin hayar da ke cikin tallafin a hannunka ake sa su, kai za ka miƙa. Ga wutar lantarki, ga cefane, ga 'yan uwa suna kira daga gida. To ina za su kai?

Sai kuma ɗanta ya yi aure ya tashi, ɗakinsa ya zama babu kowa. Tun Afrilun 2013 dokar ƙasar nan ta ce in kana da ɗaki guda fiye da buƙata, a yanke kashi 14 cikin 100 na kuɗin hayarka daga tallafin da ake ba ka, in biyu ne kashi 25. Ni dai har gobe wannan doka ba ta kwanta mini ba, tunda ƙananan gidajen da ake so mutane su koma ba samuwa suke ba.

Washegari na kira jami'ar haya ta kansul a waya, Hajiya na gefe tana jan carbi. Abin da ya ba ni mamaki, matar ba ta ɗaga murya ba. Ashe ƙa'ida ta wajabta musu su nemi mai haya, su zauna da shi a kan abin da zai iya biya, kafin su doshi kotu. Da yake bashin ya wuce na wata biyu, aka nemi a riƙa tura kuɗin hayar kai tsaye zuwa kansul, ita kuma ta riƙa rage tsohon bashin kaɗan-kaɗan. Muka kuma je Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara, suka cika mata takardar neman ƙarin tallafin haya, kyauta.

Masu tambayata yadda ake samun irin wannan gida: in bizarka ta hana ka cin tallafin gwamnati, kamar ta karatu ko ta aiki, ba ka cikin layin ma.

Jiya da yamma ta aiko mini da tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, da wata sabuwar wasiƙa a saman kwanon. Wannan karon a buɗe take. Bari in hau in karanta mata, lif ɗin ya sake lalacewa.