Ƙarambau ɗin yarinta da ke dawowa a tsufa

A ce ga wani dattijo, ku dubi bayansa. Ƙuraje ne masu ruwa, sun jeru daga gadon baya zuwa ƙirji, a gefe ɗaya kawai. Da an ga haka sai gida ya ɗauka: wa ya shafa wa Baba? A ina ya kwaso?

Ba kwasowa ya yi ba. Abin yana jikinsa tun yana ɗan yaro.

Likitoci na kiran ciwon shingils, kuma ƙwayar ƙarambau ce dai ke kawo shi. Yaro ya yi ƙarambau, ƙuraje su bushe, a ce ya warke. Ita kuwa ƙwayar sai ta bi jijiya ta lafe a wasu ƴan ƙullutan jijiya da ke gefen laka. Shekara hamsin, sittin, shiru.

To, a nan ake ruɗewa, bari mu tsaya. Ana cewa wanda ya taɓa yin ƙarambau ya tsira. Haka ne, da wuya ya sake ɗauka daga wani. Amma tsare wadda ke ɓoye a ciki aikin wasu masu gadi ne daban, ƙwayoyin garkuwa da ake kira T. Makarantarsu, wato gaɓar da ke horar da su, tana bayan ƙashin ƙirji, sunanta taimos. Tun daga balaga take motsewa tana komawa kitse. Sababbin masu gadi su yi ƙaranci, tsofaffin su gaji, wata ƙwayar ɓoyen mai suna CMV kuma ta riƙe da yawansu suna fama da ita. Rannan sai ta ƙarambau ta samu ƙofa, ta biyo jijiya guda ta ɓullo a fata. Shi ya sa ƙurajen ke tsayawa cak a tsakiyar jiki, ba sa ƙetarawa ɗaya gefen. Ni kam wannan abin har yau yana ba ni mamaki. Wani likita a Ingila, Edgar Hope-Simpson, ya bayyana wannan farfaɗowar ƙwayar ƙarambau tun 1965, bayan shekaru yana bibiyar marasa lafiyarsa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a ƙasar mutum 1 cikin 3 zai gamu da shingils a rayuwarsa, kuma haɗarin na hawa bayan shekara 50.

Don Allah kada a tsaya shafe-shafe a gida. Maganin asiklobiya ya fi aiki idan an fara cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. In sun fito a goshi ko kusa da ido, asibiti a ranar. Wasu tsofaffin zafin kan zauna musu watanni bayan fata ta warke, har riga ba sa so ta taɓa wurin.

Akwai rigakafi, Shingrix, allura biyu, an amince da shi a Amurka a 2017.

Sai jikoki. A rufe ƙurajen Kaka, domin ruwansu na iya sa wa jariri, ko mai cikin da ba ta taɓa yi ba, ƙarambau.