Jawabin Maraba ga Farfesan Sa Barci a Taron Horo kan Allurar Kashe Kafaɗa, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban asibiti, 'yan'uwa likitoci da ma'aikatan jinya, da babban baƙonmu. Ranka ya daɗe Farfesa, barka da zuwa Birnin Kebbi, sannu da hanya. A madadin sashen sa barci nake yi maka lale marhabin.

Kafaɗa na cikin gaɓoɓin da suka fi wahalar da mu. Ɗan kabu-kabu zai faɗi a hanyar Jega ko ta Argungu, ƙashi ya goce ko ya karye, a fara kai shi wajen maɗori, sai abin ya gagara a kawo mana. Mu sa shi barci gaba ɗaya, mu zura masa bututun numfashi, idonmu na kan tukunyar oksijin. Da ya farka kuma raɗaɗi na jiransa. Na taɓa tsayawa a kan wani magidanci da ya kwana yana cije bakin zani don kada matarsa ta ji nishinsa. Har yau abin bai bar raina ba.

Dabarar da ka zo koya mana ba sabuwa ba ce, tun 1970 Dakta Alon Winnie ya bayyana ta a Amurka. Allura ce a gefen wuya, tsakanin tsokoki biyu, daidai inda jijiyoyin hannu suke fitowa. A zuba magani irin bupivacaine, kafaɗa ta mutu na sa'o'i masu yawa, har bayan an gama tiyata. Da na'urar sikanin, likita na kallon bakin allurar da jijiyar a allo, ba lalube yake yi ba.

Mun karanta haɗarinta. Takan kashe jijiyar tantanin numfashi, wato wanda ya raba ƙirji da ciki, na ɓangaren da aka yi allurar, don haka mai ciwon huhu sai an yi hattara. Murya kan dashe, fatar ido ta sauko. Idan aka yi kuskure magani ya shiga cikin jijiyar jini, zuciya na iya tsayawa. Amma gani ya kori ji, ranka ya daɗe. Roƙonmu ka riƙe hannun matasanmu a ɗakin tiyata, kowa ya kama na'urar, ya nemo jijiyar da kansa, ka gyara masa. Ka nuna mana kuma allurar bayan kafaɗa wadda ta fi dacewa da masu raunin numfashi.

Marasa lafiyar da suka amince suna nan, an shirya su tun asuba. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya. Bismillah, Farfesa.