Sharhi: Waƙa da mutanen da ke kwana a titi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A birnin Landan akwai wata ƙungiyar mawaƙa mai suna The Choir with No Name, wadda Marie Benton ta kafa a 2008. Mambobinta masu kwana a titi ne, da na gidajen kwanan wucin gadi, da waɗanda suka taɓa shiga wannan hali. Sau ɗaya a mako suke haɗuwa su yi bitar waƙa, in an gama a zauna a ci abinci mai zafi tare. Ba a gwada muryar kowa kafin a karɓe shi. Tun a 2002 Matt Peacock ya kafa makamanciyarta, Streetwise Opera, kuma a 2012, a cikin bukukuwan al'adu na shekarar wasannin Olamfik na Landan, kimanin mutum 300 da suka ɗanɗani rashin matsuguni sun yi wasa a Royal Opera House, babban gidan waƙa da wasa na birnin.

Mai wucewa da ya ga mutum kwance a bakin shago, kallo ɗaya yake masa ya kau da kai. A sahun mawaƙa kuwa dole ka saurari na kusa da kai, ku ja numfashi tare, ku shiga amshi tare. Kafin wata guda ka san sunansa. Ranar da bai zo ba za ka ji giɓin muryarsa, ka tambaya ko lafiya. Shi ya sa masu matsuguni da suka zo taimako ya kamata a cakuɗa su cikin sahu, kada su tsaya gefe suna kallo.

Ga mai son kafa irin wannan ƙungiya, ranar bita da wurinta kada su canja. Wanda ba shi da waya, ko aka sace masa ita, ba yadda za a yi ya san an ɗage. A tanadi kusurwar ajiye kaya inda ido ke kai, domin jakar da ke hannunsa ita ce duk abin da ya mallaka, kuma hankalinsa ba zai kwanta ba in ba ya ganinta. A ba da kuɗin mota. A koyar da waƙa da baki, layi-layi, saboda wani ba ya karatu, wani kuma tabaraunsa ya ɓata. Awa ɗaya da rabi ta isa. Wanda bai samu barci ba jiya ba zai jure fiye da haka ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ranar wasa. Mai shiryawa yana son 'yan kallo su zubar da hawaye, sai ya sa mawaƙi ya tsaya gaban jama'a yana tona asirin rayuwarsa, ko a ɗauki bidiyonsa a saka a Facebook ba da izininsa ba. Wataƙila danginsa ba su san halin da yake ciki ba. Daga ranar ba za a sake ganinsa ba. A nemi yardar kowa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi a ba shi wuri inda kyamara ba ta kai.

Sai batun kuɗi. Ƙungiyar da aka tara don taro ɗaya, ana tafi ana watsewa, ta ƙara wa mutanen nan wani rabuwar ne a kan waɗanda suka sha. Kafin a kira bitar farko, a tabbatar akwai kuɗin ɗaki da na abinci na aƙalla shekara guda.